Shin tsamin nono yana kashe cuta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku taimaka mini da amsa, don maganar ta kusa zama rigima a gidana. Shekaranjiya bayan la'asar aka dama fura da nono, yarana 3 suka sha, na sha, ƙanin maigidana ma ya sha. Kafin a kira isha'i ƙaramar ta fara amai, kan a jima na tsakiyan ya ɗauka, ni ma cikina ya yi ta murɗawa har asuba. Alhamdu lillahi yanzu duk mun miƙe. To maigida ya kafa doka, wai kada ya sake ganin ƙwaryar nono a ƙofar gidansa, sai dai yogot na roba. Ni kuwa shekara 7 ke nan Innar nan tana kawo mini nono daga rugarsu, ko ciwon kai ba mu taɓa yi ba. Surukata ta ce ba nonon ba ne, don nono mai tsami ba ya ɗaukar cuta. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Ruga: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Surukarki ta faɗi gaskiya. Ni da nono aka yaye ni, kakata ta haura shekara 90 ba ta san ƙofar asibiti ba. Kullum abu ya faru a birni sai a ce Bafillatana. Ku bincika randarku tukuna.

Bukar Yerwa: Ɗan Ruga, kakarka ba ta san ƙofar asibiti ba ne don asibitin yana da nisan tafiyar kwana 2 daga ruga. Bawana, a riƙa faɗin gaskiya.

Ɗan Ruga: Ka ji Babarbare. Bari manya su gama magana, zan aiko maka da tsala ka jiƙa biskinka.

Sista Rabi: Maman Ilham sannu da jinya. Kafin a shiga gardama, ki ci gaba da ba ƙaramar ruwan gishiri da sukari in har cikin bai daidaita ba, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. In kika ga jini a bayan gidanta, ko fitsarinta ya ragu, ko ido ya zurma, kada ki jira kowa, ki kawo ta asibiti. Sannan ina so in sani, awa nawa ne tsakanin shan furar da fara aman?

Maman Ilham: Na gode Sista. Kamar awa 3 ne, bai kai 4 ba.

Nura Ɗalibi: Ni ɗalibi ne, ajin ƙarshe a fannin ƙananan halittu, ku yi mini afuwa in na yi tsawo. Matsalarmu ta farko ta harshe ce. Duk wata halittar da ido ba ya gani mun raɗa mata suna ƙwayar cuta, alhali shi kansa tsamin da Hajiya Babba, surukar Maman Ilham, take magana a kai, ƙwayoyin ne suke yin sa. Madarar da aka tatso yanzu tana da wani sukari a cikinta. Akwai bakteriya irin su Lactobacillus da Lactococcus da Leuconostoc da suke cinye sukarin nan su mayar da shi tsami. A ma'aunin tsami da ake kira pH, sabuwar madara tana wajen 6.7, idan ta sauko kusa da 4.6 sai ta daskare, shi ne muke cewa nono ya yi barci. Ɗan tsohon nonon da mata suke zubawa cikin sabuwar madara a matsayin iri, rundunar waɗannan halittu ce suke shukawa, ko da ba su san sunansu ba. Wani ɗalibi ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, shi ya fara ganin ta yogot a madubin likita a 1905, amma iyayenmu sun daɗe suna kiwonsu a ƙwarya kafin nan. Kuma gaskiya ne tsamin yana takura wa miyagun ƙwayoyi da yawa, ya hana su hayayyafa. Saboda haka Hajiya Babba ba ta yi ƙarya ba.

Ɗan Ruga: Yawwa. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Nura Ɗalibi: Amin Yaya, amma ban gama ba. Takurawa daban, kashewa daban. Akwai wani nau'in ƙwayar E. coli da ake kira O157, yana zaune a hanjin shanu lafiya lau, ya fito ta kashinsu, kuma yana jure tsami sosai, kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa yaro gudawar jini har ya taɓa ƙoda. Sannan tsamin ba nan take yake zuwa ba. Daga tatsa zuwa lokacin da nonon zai yi barci akwai awanni masu yawa, a zafin garinmu kuwa wasu ƙwayoyin cikin minti 20 suke ninka kansu. Tsere ake yi tsakanin na kirki da miyagu, wanda ya riga yawa shi ya ci ƙwarya.

Dakta Garba Shika: Salamu alaikum. Na shigo a makare, ina can wurin aiki. Nura ya yi bayani mai kyau. Ni likitan dabbobi ne, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ba irin na gidan Maman Ilham ba ne. Amai da gudawa suna zuwa da hayaniya, kowa ya san abin da ya ci. Waɗanda nake tsoro su ne masu sanɗa.

Na farko bakkale. Ɗan Ruga ya san shi, ba sai na fassara masa ba. Saniya ta yi ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta ƙi faɗowa, wata gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa. Ƙwayar tana fita a cikin madara, kuma saniyar tana iya yin shekaru tana zubar da ita alhali tana kiwo tana ƙiba. A jikin mutum zazzaɓi ne mai zuwa yana komawa, gumin dare har ya jiƙa zanin gado, ciwon baya da gaɓoɓi, wani namijin har maraina su kumbura. A ina wannan mutumin zai ƙare? A kemis, a ce maleriya da taifot, ya sha magani ya ji dama-dama, bayan sati 3 ya dawo. Na san mahauci da ya yi kusan shekara a haka. Maganinsa na gaskiya haɗin ƙwayoyi 2 ne da ake sha sati 6 cur.

Labarin gano cutar ma a kan madara ya faru. Sojojin Ingila ne suke ta kwanciya da zazzaɓi a tsibirin Malta, wani likitan soja David Bruce ya gano ƙwayar a 1887, shi ya sa ake ce mata Brucella. Amma an ɗauki shekara 18 ba a san ta inda take shiga ba, sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya gano cewa awakin da ake zagayawa da su gida-gida ana tatsa a bakin ƙofa su ne ke ɗauke da ita, awaki masu ƙoshin lafiya a ido. Da aka hana sojoji shan madarar awaki, cutar ta kusa ɓacewa daga bariki.

Na biyu tarin fukan shanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum kusan 147,000 suka kamu da tibin da ya fito daga dabbobi, wajen 12,500 suka mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar kaso. Sau da yawa ba ya ma zuwa da tari, sai ka ga yaro da kaluluwa a wuya ta ƙi sacewa, ko ciwon ciki da rama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata da asuba ya ga huhun saniya da ƙulle-ƙulle kamar an cusa tsakuwa, ya san abin da nake faɗa. Tsami yana rage waɗannan biyun, amma ba wanda zai ba ka tabbacin nonon kwana 1 ya gama da su. Wuta ce take gamawa da su.

Ɗan Ruga: Dakta, da girmanka, amma kana magana kamar ba a dafa madara a ruga. Innata ba ta taɓa yin kindirmo da ɗanyar madara ba. Ta tace da ƙyalle, ta ɗora a wuta har ta taso, ta sauke ta huce, ta zuba iri, ta rufe da faifai. Ƙwaryar nono kuwa ba a cin tuwo a cikinta, ba a ɗebo ruwa da ita, a wanke ta a kife a rana. Mace ta fi kishin ƙwaryarta a kan akwatin kayanta. Ka je ɗakin amaryar Fulani ka ga yadda ake jera su.

Dakta Garba Shika: Allah ya saka wa Inna da alheri, ita ta riga ta gama aikina. Amma tsakaninka da Allah, Ɗan Ruga, kowace ruga haka ake yi? Kuma kai da kake bin shanu kana yaro, sau nawa ka kafa kai ka sha da ɗuminta daga hantsa?

Ɗan Ruga: Wannan kam ba ya ƙirguwa. Kuma gaskiya akwai masu cewa dafaffiyar madara ba ta ba da mai sosai, sai su bar ta ɗanya ta kwana. Ban musa ba.

Bukar Yerwa: A rubuta ranar nan. Bafillatani ya amsa laifi ba a kai shi gaban alƙali ba.

Hajiya Mai Yogot: Ni maganar maigidan Maman Ilham ce ta tsaya mini, wai sai na roba. Sana'ata ke nan shekara 9, da lambar NAFDAC ɗina, kuma ina gaya muku roba ba ta tsarkake komai. Ni da garin madara nake yi. Ina dafa haɗin ya kai digiri 85, in bar shi ya sauko 43, in zuba iri, ya yi awa 5 zuwa 6 a rufe, sannan firji. Kowane mataki akwai inda za a iya yin ɓarna. Ruwan da aka dama garin, bokitin, hannun yaran da ke ɗurawa, murfin. Uwa uba wuta. Wata rana a watan azumi aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, na wayi gari robobi 400 sun kumbura kamar za su fashe, ka buɗe ɗaya ya yi tsit kamar lemon kwalba. Yis ne ya samu zafi da sukari ya yi biki. Na zubar da su ina hawaye. Wallahi na san masu mayar da irin wannan firji su sayar, in ya yi sanyi wa zai gane? Sannan mai shago ya kashe firjinsa da dare don tsimin mai, da safe ya kunna. To wanne ya fi, wannan ko ƙwaryar Inna da aka kawo yau aka shanye yau?

Nura Ɗalibi: Hajiya, abin da ya same ki ya taɓa samun babban kamfani a Japan. A shekarar 2000 aka ɗauke wuta na wajen awa 3 a wata masana'antar Snow Brand da ke Hokkaido, madara ta zauna da ɗumi a cikin bututu, ƙwayar Staphylococcus ta hayayyafa ta zuba dafinta. Suka sake dafa madarar suka mayar da ita gari, suna ganin zafi ya kashe komai. Ƙwayar ta mutu, dafin bai mutu ba, don shi tafasa ba ta lalata shi. Aka yi madarar kwali da garin a Osaka, sama da mutum 13,000 suka kwanta. Bambancinki da su, ke kin zubar.

Hajiya Mai Yogot: Ikon Allah. Ashe har Japan ana ɗauke wuta. Na ji sanyi a raina.

Sista Rabi: Abin da ya sa na tambayi awanni ke nan. Amai mai ƙarfi cikin awa 1 zuwa 6 ya fi kama da dafin da ƙwaya ta riga ta zuba a cikin abinci, irin wanda Nura ya faɗa. Wanda ke zuwa ta gurɓataccen ruwa yawanci sai ya kwana, wani ma kwana 2 ko 3. Ita Staphylococcus a fatarmu da hancinmu take zaune, ta fi yawa a ƙurji ko yanka a yatsa. Tana kuma fitowa daga saniya mai kumburin hantsa. Maman Ilham, kowa yana ta kallon nonon. Furar fa? Daga ina take, kuma yaushe aka yi ta?

Maman Ilham: Innalillahi. Sista kin tuna mini. Ba wurin Inna na sayi furar ba, tata ta ƙare ran nan. Ƙanin maigida ne ya zo da ita a leda tun daren jiyansa daga tasha, aka saka a firji, wuta kuwa ba ta dawo ba sai washegari da azahar. Da na buɗe ta ɗan yi danƙo-danƙo a jiki, na ce ai nono zai rufe.

Ɗan Ruga: Allahu akbar! Ku dai ku ci gaba. Ina nan ina jiran a ba Inna haƙuri a rubuce.

Sista Rabi: Kada ka yi saurin yin guɗa, ba a gwada komai ba, ba wanda zai rantse. Amma fura abar zargi ce. Da hannu ake cura ta bayan an sauke daga wuta, ba ta da tsamin da zai kare ta kamar nono, ga laima, ga leda, ga zafi. Akwai ma wata ƙwayar, Bacillus cereus, mai son abincin hatsi da ya kwana, ita ma amai take sawa cikin 'yan awanni. Maman Ilham, ki tambayi maƙwabtan da suka sayi nono a ƙwarya ɗaya da ke ran nan.

Alhaji Sani Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen Nijeriya. Ina karatu tun ɗazu. Ba wanda ya taɓo abin da ke faruwa tsakanin ruga da kasuwa. Nono ya baro gida lafiya, a hanya a tsaya bakin rafi ko rijiya a ƙara masa ruwa don ya yi auki, in ya tsinke a kaɗa garin ɗiyan kuka a ciki ya yi kauri ya ƙara tsami. Kukar ba ta da laifi, ruwan ne. A kasuwa kuma ludayi 5 ne, mutum 50 za su sha da su, ana ɗauraye su a ruwa guda tun safe. Sai a kawo ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba a jefa. Ko Pasteur, masanin da ya fito da dabarar kashe ƙwayoyi da zafi, shi ne ya dafa madarar da hannunsa, in ta bi wannan hanya an koma gidan jiya.

Mu nan muna da cuku, na Abzinawa da Fulani, wanda ake shanyawa a kan tabarmar kara har ya bushe ƙamas, a ci da shayi. Da ɗanyar madara ake yin sa. Dakta, bushewar tana isa?

Dakta Garba Shika: Alhaji barka da war haka. Bushewa tana taimakawa ƙwarai, don ƙwaya ba ta hayayyafa inda babu laima, shi ya sa cuku yake watanni bai lalace ba. Amma wanda bai gama bushewa ba, ɗan kwana 1 ko 2, ni ba zan ba mai ciki ko ƙaramin yaro ba. Ɗanyen cuku mai taushi shi ne babbar hanyar Brucella a ƙasashe da yawa. Warar da ake yi da ruwan tumfafiya ta fi samun kariya ta wannan fuskar tunda a kan wuta ake haɗa ta, sai dai ita kuma ba tsami ba gishiri, a cikin ruwanta take yini a talla, kwana 2 ta fara yauƙi. A soya ta ko a sake tafasawa.

Tunda ka ambaci Pasteur: shi a kan giyar inabi ya yi aikinsa a shekarun 1860, daga baya aka ɗauko dabarar aka kai kan madara. Ƙa'idar ita ce digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida ba mai ma'auni, a bar ta ta taso kawai, ya wadatar har ya yi yawa.

Sista Rabi: A kan masu ciki zan ƙara. Akwai ƙwayar Listeria, ita firji ma ba ya hana ta girma. Uwar za ta ji kamar mura ce, cikin ya zube ko a haifi jariri ba rai. A 1985 a Los Anjalis ta Amurka wani cuku mai taushi da ɗanyar madara ta shiga cikinsa ya kama mutum 142, sama da 40 suka mutu, mafi yawansu jarirai da 'yan tayi. Mu nan mace ta yi ɓari sai a ce iska ce ko wahala, ba mai tambayar me ta ci.

Hajiya Mai Yogot: Dakta ina da tambaya. Lokacin da na gwada yi da madarar shanu, wata rana sai ta ƙi yin barci sam, irin nan kuwa mai kyau ne, na yi da shi jiya. Har na fara zargin baki.

Dakta Garba Shika: Ba baki ba ne Hajiya, allura ce. An yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, galibi oksitetrasaikilin da ake sayarwa a kowace kasuwar shanu, aka tatse ta ba a jira ba. Maganin ya fito a madara ya kashe irinki. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a zubar da madara bayan allura, amma wa zai zubar da abin da zai sayar ya sayi gero? Ke kin yi sa'a, yogot ɗinki ya tona asiri. Mai shan madarar haka nan shi ba abin da zai gaya masa.

Ɗan Ruga: Nan kam Dakta ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Makiyayi yana yin allura da kansa ne don bai ga likita ba. Tun 1924 ake da cibiyar binciken dabbobi a Vom, ga ta Shika a bayan gidanku, amma mahaifina sau nawa ya ga ma'aikaci ya zo gwada masa shanu don bakkale? In an gwada an samu, wa zai biya shi saniyar? Sai ya kai ta kasuwa wani ya saya, cutar ta koma wani garken. Ku daina ɗora wa mai tallar nono kayan da ya fi ƙarfin gammonta.

Dakta Garba Shika: Ban musa ko ɗaya ba. Ƙasashen da suka rabu da cutar nan rigakafi suka yi wa 'yan maruƙa, suka gwada garke-garke, suka yanka masu ita suka biya diyya. Mu ba mu kai nan ba. Shi ya sa nake nacewa a kan tukunya, don ita ce kaɗai matakin da yake hannun Inna da Maman Ilham yau.

Bukar Yerwa: Ni dai duk kun tsorata ni. Nonon raƙumi fa da ake cewa in an dafa maganin ya tafi?

Dakta Garba Shika: Malam Bukar, raƙumi ma yana ɗaukar Brucella. Kuma tun da cutar numfashi ta MERS ta ɓulla a Saudiyya a 2012 aka gano alaƙarta da raƙuma, Hukumar Lafiya ta Duniya take gargaɗi a kan shan ɗanyen nononsu. Ka dafa abinka.

Maman Ilham: Jama'a na dawo. Na aika gida 3 da suka sayi nono tare da ni ran nan, ba wanda ko cikinsa ya yi ƙugi. Ɗazu kuma Inna ta zo, na tambaye ta ko tana dafa madararta. Ta kalle ni kamar na zage ta, ta ce, “'Yar nan, shekara 7 kina shan ɗanye ne ba ki sani ba?” Ta ce kindirmonta dafaffe ne, amma tsalar da take karɓowa wurin kishiyoyinta in nata ya ƙare, ba za ta rantse a kai ba. Mun yi da ita zan ba ta roba mai murfi guda 2, ta riƙa zuba mini kindirmo tun daga gida, ba ruwa ba kuka, in ƙara mata kuɗi a kan yadda muka saba. Fura kuma ni zan riƙa yin kayata.

Maigida ya ji bayani, ya yi shiru, ya ce a kira masa ƙaninsa.

Ɗan Ruga: A gaishe mini da Inna. Takardar ban haƙurin fa?

Maman Ilham: Na ba ta atamfa da sabulu, ta ce ta yafe.

Hajiya Mai Yogot: Maman Ilham, robar nan ki riƙa wanke ta da ruwan zafi ki kife a rana kafin ki mayar mata, maiƙo yana maƙalewa a bakin murfi. Kuma ki tambayar mini Inna ko za ta iya kawo madara lita 20 duk Talata, wadda ba a yi wa shanun allura ba.